Izini na Biyu

Babana mahauci ne a kwatar Agege, kuma shekara talatin yana aiki bai taɓa yanka dabbar da ba a ce ya yanka ba. Ya faɗa mana wannan har mun haddace. Sharaɗinsa biyu ne: sai ya ga shaidar fenti a ƙahon sa, sannan sai ya ji mai dabbar ya ce da bakinsa, "A yanka." In ya ga shaida bai ji magana ba, benci yake nema ya zauna, ko da sa ɗin ya kwanta da kansa ya miƙo wuya. Ranar layya kuwa shi ke yanka wa duk gidan hayarmu, ya fara da ragonmu. Babu ranar da yake so kamar wannan.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ne yatsunsa suka fara kumbura. Da safe ya tashi hannu a dunƙule, Mama ce ke saka masa maɓallin riga. An sha sassaƙe, an shafa man kaɗanya, an shafa wani mai da ya saya cikin motar haya ta danfo a hanyar Oshodi, wanda mai tallansa ya rantse har basir da mugun mafarki yana kora. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce ciwon gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jikin da take tsaro, ya rubuta ƙwayoyin da za su rage mata ƙarfi. Baba ya yi godiya da ladabi, muna fita da kwalbar maganin ya ce ba zai sha ba. Wane mai hankali ne zai sha maganin rage ƙarfi saura wata huɗu layya?

Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar koyon gwajin jini, ina ji da kaina. Na ɗauko littafina na ce bari in wayar masa da kai. Har yau Mama na yi min gorin wannan ranar.

"Baba, akwai wasu sojoji a cikin jini, ana ce musu ƙwayoyin T. Aikinsu irin naka ne. Sai an nuna musu shaidar cuta, kuma ganin shaidar bai isa ba. Suna da wani ɗan kunne a jikinsu, ta nan ake ba su izini na biyu. In ba a ba su ba, zama suke yi."

"Ashe 'yan kirki ne," in ji shi.

"To naka sun ga gaɓɓanka sun ɗauka cuta ce, kuma an ba su izinin."

Ya ajiye kofin shayi. "Wa ya ba su?"

"Wasu ƙwayoyin ne, a cikin jikin..."

"Uwata, jikin nan na wane ne?"

"Naka ne, Baba."

"To ni ban ba da izini ba."

Daga washegari, in ya dawo sallar asuba sai ya zauna ƙofar ɗaki, ya shimfiɗa yatsu goma a kan gwiwa ya yi musu jawabi. Ya ce ya janye izini, kowa ya mayar da wuƙa kube, soja ma sun koma bariki balle su. Na ƙara ɓata lamarin da na ce masa ƙwayoyin jini mutuwa suke yi a haifi sababbi. Ya yi lissafi ya gano waɗanda ya zo da su daga arewa sun daɗe da mutuwa, na yanzu duk haihuwar Legas ne, Hausarsu ba ta da kyau. Sai ya ƙara da Yarbanci. In ya gama ya rufe da Turancin buroka, "Abeg, make una siddon," wato don Allah ku zauna. Matar da ke sayar da ogi, kokon Yarbawa, a ɗakin ƙarshe har amin take cewa.

Ciwon kuwa mai tashi da kwanciya ne. Ranar da ya lafa Baba ya kaɗa min yatsu ya ce, "Kin gani? Sun ji." Ranar da ya tashi ya ce sababbin haihuwa ne, ba a sanar da su ba tukun. Na yi ta cewa wannan izinin ba da baki ake janye shi ba, ya ce ai ni na ce aikinsu irin nasa ne. Da farko dariya nake yi. Da na ga ya daina zuwa kwata yana cewa ciniki ne ba ya tafiya, sai tsoro ya kama ni, da haushin bakina.

Ranar Sallah aka dawo idi, gida ya cika, aka kayar da ragonmu. Har fenti Baba ya shafa masa a ƙaho, shi da ragonsa. Ya durƙusa, ya ɗauki wuƙa, ta zame. Ya sake ɗauka da hannu biyu, ta sake faɗuwa.

Maƙwabcinmu mai tsire, mutumin Maraɗi wanda a hannun Baba ya koyi fawa, ya matso ya ɗauki wuƙar, ya durƙusa, ya tsaya. Mama ta ce, "Malam, yanka mana, rana na yi." Bai ɗago ba ya ce, "Hajiya, na ga shaida. Ban ji daga bakin mai shi ba."

Baba ya daɗe yana kallon hannayensa. Ragon har ya fara tauna igiya.

"A yanka," in ji shi, a hankali.

Bai tsaya ganin fiɗa ba. Na same shi a ɗaki riƙe da kwalbar maganin da ta yi wata huɗu a kan taga, yana ta fama da murfin. Ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

"Ba sa jin magana, Uwata. Buɗe min."