Sallah a Kan Kujerar Roba

Tunda gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa na koma yin sallah a kan kujerar roba, irin ta gidan biki. Ƙafata ta hagu kuma ta kumbura har takalmi ya daina shiga, in na danna yatsa sai ya bar rami. Likita ta ce ƙiba ce ta danne hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya koma sama, ita ce kuma ke cin gwiwoyin. Ta ba ni safa mai matsewa, ta ce in rage ci, in riƙa tafiya. Ni dai burina goshina ya sake taɓa ƙasa.

Sai na yi kuskuren gaya wa mahaifiyata a waya. Ta hau mota daga Kano ta zo jinya, da galan ɗin man shanu. A wurin Inna jinya ciyarwa ce, ba ta san wata ba.

Da safe in zagaya bakin tafkin Jabi ina haki, in dawo in tarar da waina tana iyo a mai. In taso daga ofis, ga fura an zabga mata sukari. Masu zuwa dubiya ma da katan ɗin lemo suke shigowa. Na yi bayani har na gaji.

"Likitar nan ita ta haife ki?" in ji Inna. "Dubi wuyanki. So kike a ce mijinki ya kasa ciyar da ke a Abuja?"

Wuyan da take magana ko ƙashi ɗaya bai fito ba. Haushi kamar ya kashe ni, amma uwa ce, sai in ci ina ƙunƙuni.

Wata la'asar muna sallah na ga Inna ta kai goshi ƙasa, tsohuwa da ita, ta miƙe ko dafa bango ba ta yi ba. Zuciya ta ɗebe ni, na ture kujerar na durƙusa. Sujadar ta yiwu, tashi ya gagara. Da ta sallame ta zo ta kama ni ta hammata, ta ja, ta sake ja, muka zube tare a kan darduma.

Ta daɗe tana mayar da numfashi, idonta a kan ƙafar.

"Ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan kullum," ta ce.

Washegari kununa ya zo ba sukari. Ina sa safata na ga Inna bakin ƙofa da mayafinta, wai in yi sauri kafin rana ta yi mana zafi a Jabi.