Kunnen Baba da Jar Mota

Baba bakanike ne, amma in za a faɗi gaskiya ba gyara ne ya yi masa suna ba. Garejinsu rumfar kwano ce a bayan wani gidan mai, mutum biyar ke aiki a ciki, kuma biyu daga cikinsu sun fi shi saurin hannu. Inda ba wanda ya kama ƙafarsa shi ne wajen sauraro. Duk mai wayon da zai sayi mota ta hannu sai ya zo ya ɗauke shi ya je ya ji masa injin. Har sunansa ya ɓata, yaro da babba Mai Kunne suke ce masa.

Yana da ƙa'idarsa. Da sassafe yake zuwa, ya fara ɗora tafin hannu a kan bonet. In ya ji ɗumi sai ya juya gida ko sallama babu, don ya san dillali ya riga ya ɗumama motar, shi kuwa injin mai ciwo da sanyi yake kuka, in ya yi zafi sai ya yi lamo. In bonet da sanyi, sai ya sa a tayar, ya dasa bakin doguwar sukudirebarsa a jikin injin, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido. Minti biyu ya ishe shi. Ya ce saya, ko ya ce bari, ba ya ƙara ko kalma ɗaya.

Ni ce autarsa. Yayyena maza biyu tun suna ƙanana suka nuna ba sa shiri da baƙin mai, don haka ni ya riƙa manna wa mariƙin nan a kunne da wasa, yana ce mini wannan lafiyayye ne, wannan kuma kwanansa ya kusa. Ban zama bakanikiya ba, ɗinki na koya, amma kunnena ya riƙe abin da aka zuba masa.

A gida muka fara ganewa. Rediyon Baba ya riƙa tashi har maƙwabta na jin labarai kyauta. Inna ta kira shi sau uku bai waiwayo ba, in kuma ya waiwayo ya hau mu da faɗa, wai mun koyi magana ƙasa-ƙasa kamar magulmata. Shekara talatin da biyar yana cikin guduma da kukan injin, ai dole. Ya koyi kallon bakin mai magana, ya iya gyaɗa kai a daidai wurin da ya kamata. Inna ta tara mu ta ce kada ta ji wanda ya furta, don in aka raba shi da kunnen nan ba abin da ya rage masa. Muka haɗa baki muka yi gum, muna kiran abin ladabi. Har yau ina jin haushin wannan ladabin.

Maigidana ma'aikacin ofis ne, mutum mai sanyi wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi, amma tun yana saurayi yake mafarkin motar tsere. Ya ga wata ja wurin dillali, mai ƙofa biyu, ta yi ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Na ce masa yaranmu a ina za su zauna, ko a kan rufi za mu ɗaure su? Ya yi dariya, amma ba wannan ne ya hana shi barci ba. An faɗa masa irin waɗannan motocin samari ne ke hawansu suna taka totur ba tausayi, jiki ya yi ta ƙyalli alhali ciki ya cinye, kuma in injin ya buga kayan gyaransa sai an sha wuya. Mako uku yana juya maganar. Wata rana muna cin abinci sai fuskarsa ta washe, ya ce shi da yake surukin Mai Kunne, me ma yake tsoro?

A ranar ya kamata in buɗe baki. Sai na ƙara masa miya.

Mu uku muka je. Bonet da sanyi ƙalau, Baba ya gyaɗa kai, dillalin ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ruri mai daɗi, maigidana har ya kama hannuna. A ƙarƙashin rurin kuwa na ji shi, siririn ƙwas-ƙwas kamar ana buga cokali a gindin tukunya, ya yi daƙiƙa kaɗan ya lafa. Na dubi Baba. Ya sa mariƙin a kunnen dama, ya daɗe, ya mayar na hagu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya buɗe ido, maimakon ya dubi injin sai ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi.

"Saya," in ji shi.

Kwana goma sha biyu ta yi mana. A hanyar dawowa daga ofis ta yi ƙara ɗaya ta tsaya cak, aka ɗaura mata igiya aka jawo ta garejin su Baba, mutane na leƙe. Maigidana ya daina cin abincin kirki, ya koma hawan bas da jakarsa a cinya. In na taɓo maganar ya ce ƙaddara ce, injin da Baba bai ji komai a cikinsa ba ai ba wanda zai ji. Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

Baba bai bar kowa ya taɓa motar ba, shi kaɗai ya sauke injin. Ranar da ya buɗe shi ya aika a kira mu. Muka tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, abokan aikinsa duk sun sami abin yi a can waje. Maigidana ya gaishe shi ya tsaya daga bakin ƙofa. Baba ya tsoma yatsu a tasar baƙin man da ya tsiyaye, ya murza, ya miƙo mini in gani. Garin ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki kamar yashi. Ya ce wannan ba ɓarnar kwana goma sha biyu ba ce, injin nan ya yi watanni yana kuka.

Sai ya kafa wa bakina ido.

"Auta, ran nan kin ji wani abu?"

Na matsa kusa, na yi ƙasa da murya yadda ba za ta kai bakin ƙofa ba. "Na ji, Baba."

"Me kika ce?"

Na sake faɗa, ya girgiza kai, ya karkato da kunnen hagu. Ba yadda zan yi. Na ɗaga murya har kwanon rufin ya amsa.

"Na ji, Baba. Tun da aka tayar da ita na ji."

A bayana na ji maigidana ya ajiye jakarsa a ƙasa a hankali. Ban iya waiwayawa ba. Baba ya ɗauki tsumma ya shiga goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana gogewa bayan sun riga sun yi fes.

"Da ko rigata kin ja, Auta," in ji shi.