Abin da Ke Ƙarƙashin Barkono

A layinsu ba wanda ya san ta da wani suna sai Mai Barkono. Wasu sun ce don tana noma shi a bayan gida tana kasawa a tire a bakin ƙofa ne. Waɗanda suka taɓa taya mata kaya da rainin wayo kuwa sun ce ba don haka ba ne. Duka biyun gaskiya ne. Mace ce gajeriya mai kaurin hannu, ta haura hamsin, ba ta dariya sai da dalili, dalilin kuma bai cika zuwa ba.

Mijinta Injiniya ake ce masa, alhali ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidan, ita ke hawa kujera ta canza. Mai tsaron sito ne a wani kamfanin taya har ya yi ritaya. Son na'ura ne ya jawo masa sunan. Ya sayi injin ƙyanƙyasa, ƙwai suka dahu a ciki. Ya sayi injin ƙanƙara a unguwar da wuta sai ta ga dama take zuwa. Ya sayi na buga bulo, yana nan har yau jingine da katanga, kaji na kwana a kai. Kuma duk na'urar da ta shigo gidan, wani abu ne na Mai Barkono ya fita ya ba ta wuri. Keken ɗinkinta ne ya fara tafiya, sai firij, sai manyan tukwanen da take bayarwa haya. A cewarsa ba ɗauka yake yi ba, aro ne, kafin harka ta kankama.

Abu ɗaya ne ya tsira: awarwaro uku na zinariya da mahaifiyarta ta zare daga hannu ta ba ta a gadon asibiti. Ranar da ta ga Injiniya ya ɗora ɗaya a tafin hannu yana jin nauyinsa yana kallon sama, ta san in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Bayan kwana biyu ta dawo daga kasuwa tana kuka, ta ce an yanke mata jaka a mota, awarwaron na ciki. Kukan na gaske ne, don uwarta take tunawa. Satar ce ƙarya. Awarwaron suna cikin robar man shafawa, an naɗe ta da leda, an binne a kusurwar bayan gida. A kansu ta shuka barkono don kada a tambaye ta me take yi kullum a wurin, asalin sana'ar ke nan. Yara suka girma suka bar gida, ba ta taɓa tono su ba ko don ta gani. Sanin suna nan ya ishe ta.

Sai ga shi wata rana da hantsi ya shigo da wani dogon abu a buhu, yana washe baki. Babban ɗansu ne ya aiko masa da kuɗin gilashin ido, shi kuma ya ratse shagon 'yan gwanjo. Sanda ce, da faifai a ƙasanta, da ɗan akwati a wajen mariƙi, da abin sawa a kunne.

"Wannan kuma uwar me take yi?" in ji ta.

"Na'urar gano ƙarfe ce. A waya na gani. Mutane na can suna tono tsofaffin kuɗi a bayan gidajensu, ke kina nan kina kasa barkono."

"Gilashin fa, Malam?"

"Wannan da kunne ake aikinta, ba da ido ba."

"Zinariya ma tana ji?" Bakinta ne ya suɓuce.

"Ita ce ma gaba," ya ce, yana ƙoƙarin cusa batir a juye.

Ta koma kicin ta tsaya a gaban tukunya ta rasa me ya kawo ta.

Ranar farko abin dariya ne, ga mai halin dariya. Yana kunna ta ta hau kuka. Ya yi gaba, kuka. Ya yi baya, kuka. Ya haƙa rami a bakin famfo, ya haƙa a ƙarƙashin igiyar shanya, bai sami ko allura ba. Daga tagar kicin Mai Barkono ta gano matsalar tun a ramin farko: tsohon takalminsa na kamfani ya sa, mai ƙarfe a baki, duk sanda faifan ya gifta ta gaban ƙafarsa sai na'urar ta tsala ihu. Ƙafarsa yake farauta. Ta ja bakinta ta yi shiru, ta bar shi ya wuni a rana yana bin kansa. Sai washegari ya gane, ya koma silifas, ya ce ai dama gwaji yake yi.

Daga nan ya fara samun abin duniya. Cokalin shayi mai lanƙwasasshen wuya, makullin da an daɗe da canza ƙofarsa, gwangwanin kifi, zif ɗin wando, da wani kwabo da aka daina karɓa tun kafin a haifi autarsu. Kwabon nan sai da ya kai shi majalisa aka yi ta juya shi. Da sosonta na wanke-wanke yake goge su, ya jera a kan taga. Wata rana ya ji kuka mai ƙarfi ya kafta diga, ashe bututun ruwan wanka ne, gidan ya yi kwana uku yana wari. Ta zage shi tas, ya rama, maƙwabta suka ji nasu rabon ta saman katanga.

Da a haka ya ci gaba da hauka, da ba ta damu ba. Amma mutumin da ya tsufa a sito ba ya barin kaya a hargitse. Sai ya samo igiya da turaku, ya raba bayan gidan layi-layi, daga ƙofar kicin zuwa katanga. Kullum ya share layi guda, faifan na shawagi dab da ƙasa, dama, hagu, dama, hagu. In ya gama ya matsar da igiya gaba. A ƙarshen layukan kuwa barkono ne.

Ta yi tunanin tonewa ta canza wuri. To ina? Katifa, buhun gari, saman silin, ba inda hannunsa bai taɓa shiga ba a gidan nan, balle yanzu da ya sami abin da ke jiyo masa ta cikin bango. Ga shi ba ya fita. Ritaya ta dasa shi a bayan gida kamar turmi. Tsoro ya hana ta sakat, haushi kuma ya fi tsoron yawa.

Dabara ta zo mata. Ta je wurin kafintan bakin layi ta sayo ƙusoshi cike da leda, ta bi ta shagon mai lemo ta kwaso marafan kwalba. Kullum da safe in tana ban ruwa, sai ta riƙa sakin su ɗaya-ɗaya daga bakin zani tana danna su cikin laka da diddige. Na'ura ta haukace. Taku ɗaya kuka uku. Injiniya ya durƙusa ya tona, ƙusa. Ya miƙe da ƙyar yana dafe ƙugu, ya ƙara taku, marfin kwalba. Da yamma yana shafa man zafi yana tsinewa magina da mashaya lemo. Ita kuwa ta daɗe ba ta ji daɗin abinci irin na kwanakin nan ba.

Abin da ba ta sani ba, kuma da ta yi haƙuri da ta gani da idonta, shi ne mutumin ya riga ya fara gajiya tun kafin ƙusoshin. Bai taɓa riƙe wata harka ta wuce wata guda ba. Har ya fara tambayar 'yan majalisa ko akwai mai son na'ura da sauƙi. Awarwaro kuwa ko a mafarki ba su faɗo masa ba, ya daɗe da yarda ɓarawo ya ci rabonsa. Garin gyaran gira ta tsokane ido.

Tana zaune a bakin ƙofa tana kasa barkono ya zo ya zazzage mata ƙusoshi a kan tire.

"Malam, lafiya? A kan abin sayarwata?"

"Duba su da kyau."

"Na gani. Ƙusa ce. Ko ita ma majalisa za a kai ta?"

"Ƙusar da ta shekara a ƙasa tsatsa take yi. Waɗannan har maiƙon shago bai bar jikinsu ba." Ya tsuguna a gabanta, muryarsa ƙasa-ƙasa, abin da ta fi tsana. "Kuma wani abin mamaki, ina matsawa wajen shukarki suna ƙara yawa. Ke kuwa me ke ƙarƙashin barkonon nan?"

"Kashin kaji. In kana so in ɗebo maka."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," ya ce, ya kwashe ƙusoshinsa ya shige.

Ranar bai tona ko'ina ba. Ya zauna a inuwa da waya a hannu, ya ƙura wa wayar idon da ba gilashi, har ya gano amfanin wani maɓalli a jikin na'urar da bai taɓa murɗawa ba. Ya zuba ƙusoshi a ƙasa, ya ajiye zobensa na azurfa a gefe. Ya bi ta kan ƙusoshi, shiru. Ya bi ta kan zobe, na'ura ta saki wata siririyar murya mai tsabta. Ya maimaita ya fi a ƙirga, kuma kowane karo sai ya ɗaga kai ya dubi tagar kicin.

Da safe bai bi igiya ba. Ya tsallake layukan da suka rage ya nufi kusurwa kai tsaye, ya cire abin kunnen don ita ma ta ji. Faifan na ture ganye, jajayen barkono na zubewa. A gindin tsohuwar shukar da ta fi kowace girma, siririyar muryar nan ta tashi. Ya ja baya, ya dawo, ta sake tashi. Ya jingine na'urar, ya tafi zaure ɗauko shebur, yana tafe yana 'yar waƙa.

Mai Barkono ba ta san sanda ta fito ba. Ta cafki shukar da hannu biyu ta tumɓuke ta har saiwa, ta durƙusa ta hau tono da fartanya, da ta ga fartanya na ɓata mata lokaci ta koma da yatsu. Ledar ta ruɓe, robar na nan. Ta buɗe da haƙori. Ga su, ko dusashewa ba su yi ba. Sai dai hannun da ya cire su ba shi ne wannan ba, aiki da shekaru sun kumbura shi. Ta zura na farko, ya tsaya a gaɓoɓin yatsu. Ta tofa yawu ta danna, fata ta saɓule. Ta tura na biyu a kan ciwon, ta tura na uku.

Ya dawo ya same ta tsaye a bakin rami, ƙasa har gwiwar hannu, jini na bin yatsunta. Ya dubi ramin, ya dubi robar, ya dubi hannun.

"Ashe ɓarawon a gidana yake kwana," ya ce.

"Ƙwarai. Shi ya sa na binne."

"Kika sa na je har wurin 'yan sanda. Kika sa na yi ta ba ki haƙuri."

"Haƙurin me? Kai ma kukan rabonka kake yi. Ina kekena? Ina firij? Ina tukwanena?" Ta miƙa masa hannun har dab da hancinsa. "Ga su nan. Ba sa fita. In kana so sai ka haɗa da hannun."

Ya daɗe yana kallon awarwaron. Ta ga yana lissafi, ta san fuskar. Sannan ya ajiye shebur a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki na'urar ya saɓa a kafaɗa ya fita waje. Ta zaci maƙeri zai kira. Ta ɗauki fartanya ta riƙe, tana jira.

Ba maƙeri ya nufa ba, majalisa ya tafi. Kafin rana ta take, layin gaba ɗaya ya ji labari: na'urar Injiniya ta tono zinariya a bayan gidansa, ta mutanen da, awarwaro har uku, kuma bawan Allahn nan ko ɗaya bai riƙe ba, ya zuba su duka a hannun matarsa. Waɗanda suka yi shekaru suna masa dariya suka koma neman aron na'ura. Ya ce ba ya ba da aro, sai dai haya.

Ta ci nasara, in nasara ce. Ba zai iya sayar da su ba, don duk unguwa ta shaida kyautarsa. Ita kuma ba ta da bakin cewa na uwarta ne, sai ta fara bayanin jakar da aka yanke, da kukan da matan layin suka taya ta. Abu ɗaya da ta hana shi taɓawa, ya mallake shi da baki kawai, ko yatsa bai sa ba. Takaicin wannan ya fi mata na keken ɗinki ciwo. Tun ranar ba su ƙara cin abinci a wuri ɗaya ba.

Da yammar ranar matar kafinta ta zo sayen barkono, ta kama hannun tana juya shi, ba ta ko lura da tsumman da ke ɗaure a yatsun ba.

"Kai, Yaya, kin yi dacen miji! Namu ko ƙusa ya tsinta sai ya kai shago. Allah dai ya bar ku tare."

Injiniya na zaune a kan benci a gefe, na'urar a kan cinya, yana goge faifan da soson wanke-wanke. Ya dakata, ya karkato kunne.

Mai Barkono ta ƙulle ledar barkonon, ta ƙara ƙullewa har ta yage. Ba a ƙin amsa addu'a a gaban mutane.

"Amin," ta ce.