Lailatu da Gadon Uwa

Ranar Talata, 15 ga Afrilu, bayan La'asar, mijinki Abdulbaƙi ya zo ɗakina a Ƙofar Wambai ya durƙusa ya ce, "Kawu, Lailatu ta cika." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ni da na haura tamanin nake rubuta ta'aziyyarki, ke da ba ki kai arba'in ba.

Ke kaɗai ƙanwata Madina ta bari. Kowace Juma'a kina zuwa da kunu da maganin ƙafata, ki share ɗakin, ki zauna kina ba ni labarin aikinki a jami'a. Shekara shida kina bin masunta a kogin Binuwai kina tara wasu ƙananan kifaye, dangin kifin gwangwani, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Nakan ce, "Duk karatun nan a kan abin da ba ya cika cokali?" Sai ki yi dariya ki ce, "Kawu, iliminka na makarantar Midil ya tsufa."

Ke kika koya mini cewa a cikin ƙwayar halittar kifin akwai wani ɗan rubutu da ake gada ta wurin uwa kawai. Namiji yana karɓa, amma ba ya miƙawa. Shi kike son karantawa daga farko har ƙarshe. Kika ce mutum ma haka yake: "Ni da kai, Kawu, na kakata Inna muke ɗauke da shi."

Kifayen suna cikin ƙananan kwalabe a firijin gidanki, saura a aika su a karanta. A zaman makoki zafi ya tsananta, mata suka kwashe kwalaben don su sanyaya wa masu gaisuwa ruwa. Sun ɗauka ragowar magungunan jinyarki ne, aka zubar da su tare da shara. Ban ga laifin kowa ba. Da na ji, kwana uku sun wuce.

Ba ki haihu ba, Lailatu. Aikinki ya tafi, abin da Inna ta ba mu kuma saura a jikina kawai, ni da ba na miƙawa. Juma'a biyu ke nan ban ji sallama a ƙofata ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da alheri kan zumuncin da kika riƙe. Ya ba Abdulbaƙi da ɗalibanki haƙuri. Ni kuma Ya kyautata tawa, don ba ta da nisa.