'Yata Ta Kwashe Hirar Kicin Ɗinmu Ta Zuba A Littafi

A lokacin da abin nan ya samo asali, ni ma'aikaciyar jinya ce a kudancin London, mai 'ya ɗaya tal da bakin da ba ya gajiya. Muna zaune a wani flat na council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a Lewisham. Duk Asabar aminiyata takan taso daga Abbey Wood, mu biya kasuwa mu sayi kuɓewa da busasshen kifi, mu shige kicin, muna tuƙa tuwo muna yi da mutane. 'Yata kuwa tana gefen tebur da aikin makarantarta. Da yake in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa, sai muka yanke wa kanmu hukuncin cewa ba ta jin komai sai zo da tafi. In zance ya yi nauyi ma sai mu ƙara zurfafa Hausar, wai mu masu wayo.

A kicin ɗin nan aminiyata ta yi ta amayar da abin da ke cin ranta. Yarinyar da kowa ya sani a matsayin 'yarta, ba ita ta haife ta ba. Ƙanwarta ce ta zo ziyara ta haihu a nan, bizarta ta ƙare, ta koma Kano ta bar mata jaririyar riƙo kafin ta dawo. Dawowar ba ta yiwu ba. Da ta nemi a mayar mata da 'yarta, aminiyata, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta dinga kawo dalilai, yau makaranta, gobe asmar yarinyar. Asmar gaskiya ce, son zuciyar ma gaskiya ne. Har ƙanwar ta rasu ba ta sake sa 'yarta a ido ba, ita kuma yarinyar ba a taɓa gaya mata ba. Ni ce mai ce wa aminiyata ta share hawayenta, ai ceton rai ta yi, alhali ko a lokacin ban tabbata ba.

Shekaru suka tura, 'yata ta girma ta rubuta littafin labari da Turanci. Kafin ya fito ta kawo min ta ce in karanta. Na dubi kaurinsa, na sa mata albarka, na ɗora shi a kan durowa. Karatu dai ban yi ba, amma alfahari na yi shi har ya yi yawa. Ranar Sallah na cika jaka da littafin na tafi Idi a Regent's Park, ina rabawa kamar goron ɗaurin aure. Da hannuna na miƙa wa 'yar aminiyata nata, a lokacin har ta zama likitar haƙori, ina ce mata ta karanta ta ga aikin ƙawarta.

Ba a jima ba waya ta fara damuna. Wannan ta ce marigayi mijinta aka sa a ciki, waccan ta ce sakinta ne aka tona. Sai a sannan na sauko da littafin. Kicin ɗina ne tun daga shafin farko. An canza sunaye da unguwanni, amma wushiryar aminiyata na nan, asmar na nan, har ni ina nan, wata mace da muciya a hannu tana wanke laifin da ba nata ba. Abin da ya fi ƙona min rai, littafin bai ce kowa mugu ne ba. Da zagin aminiyata ya yi, da na san ta inda zan kama faɗa.

Na kira 'yata na zazzage mata abin da ke cikina. Ta bari na gama, sannan ta ce ai ta ba ni in karanta na ƙi, kuma tun tana firamare take jin duk abin da muke faɗa, ta gaji da ɗauke da shi ita kaɗai. Da Hausa tsantsa ta gaya min wannan, ba ko gargada.

Ita kuwa 'yar aminiyata, Abbey Wood ta nufa da littafin a hannu, ta tambayi aminiyata inda kabarin mahaifiyarta yake. Ta yi booking ɗin jirgi ta tafi Kano. Da ta dawo ba ta yanke zumunci ba, tana zuwa gaisuwa, tana kai cefane, sai dai ta daina cewa Mama, Anti take cewa. Na je ba da haƙuri, aminiyata ta ce ba ta riƙe kowa a zuciya ba, amma ta so a ce ba hannuna ne ya miƙa littafin ba. Ko ruwa ban iya sha ba na fito.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Iyayen da ke zaune a ƙasashen nan, kada amsar Turanci ta ruɗe ku, yaranku suna ji sarai, suna kuma ajiyewa. In ɗanka ya miƙo maka abin da ya rubuta, ka zauna ka karanta kafin ka fita talla. Har yanzu mukan haɗu da aminiyata a kasuwar Lewisham, wajen mai kifin da muka saba. Takan tsaya ta gaishe ni cikin mutunci, amma da Turanci.