Askirim a Gaban Suruki

Tsofaffin unguwar Fadaman Mada sun san Sabitu da akwatin katako a bayan keke, yana sayar da askirim na mangwaro. In ka ji ta bakinsu, kafin shi babu wanda ya taɓa haɗa mangwaro da madara ya daskarar a Bauchi. Wannan dai faɗarsu ce. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, mutumin nan ya zaga gari lungu da saƙo da akwatinsa, amma ya yi shekaru bai nufi Tirwun da shi ba, alhali can ne gidan surukansa, daga can kuma madarar take fitowa.

Sabitu ɗan cikin gari ne, gidansu gidan malamai. Karatu ne ya ƙi zama a kansa, sai ya ɓulla barikin Turawa, ya samu aikin kicin a gidan wani Baturen gona. Babban kukun gidan, Amos, mutum ne mai faɗa amma ba ya rowar sani. Shi ya nuna masa firji mai aiki da kananzir. A lokacin yawancin mutanen gari ba su san wata ƙanƙara ba sai wadda ke zubowa daga sama ta kwantar da dawa.

Amos ya koya masa yadda ake yi. A dafa madara da ƙwai da sukari, a bari ta huce, a juye a gwangwani, a sa gwangwanin cikin bokitin katako, a cusa ƙanƙara da gishiri a kewaye, sannan a yi ta juya mariƙi har kafaɗa ta yi tsami. Matar Baturen ta ce daga ƙasarsu abin ya samo asali, Amos kuwa ya rantse Kwarori masu kantuna sun riga su. Sabitu bai damu da wanda ya fara ba. Shi dai ya ga mangwaro yana zuba a bayan kicin har yana ruɓewa, ya matse ya zuba a ciki, daga ranar kuwa baƙin Baturen suka daina tambayar wani iri.

Madarar, wata yarinya ce ke kawowa daga Tirwun, Habibatu 'yar Jalo. Daga karɓar ƙwarya aka kai ga hira, daga hira aka kai ga aure. Jalo makiyayi ne mai garke, dogo, marar yawan magana. Ya ba da 'yarsa don ita ta ce tana so, amma bayan biki wata magana ta dawo kunnen Sabitu. Wai tsohon ya ce wa ƙaninsa Hammawa, "Namiji da tukunya. To, Allah ya kyauta."

Maganar nan ta tsaya wa Sabitu a rai. Kullum yana juya bokiti yana tunanin ranar da Jalo zai ɗanɗana aikinsa ya san cewa sana'a ce, ba wankin kwanon Bature kawai ba.

Ƙaramar salla ta faɗo a tsakiyar bazara, zafi har kwalta tana laushi. Habibatu ta riga shi tafiya gida. Sabitu ya roƙi Amos ƙanƙara, ya yi askirim mafi kyau da ya taɓa yi, da madarar shanun Jalo kansa. Ya zuba a kwanon sha mai murfi, ya binne a ƙanƙara da garin katako, ya nannaɗe da jiƙaƙƙen buhu.

Amos ya dube shi ya ce, "Tirwun da wannan ranar? Ruwa za ka kai musu."

Bai kai musu ruwa ba. Ya taka keke kamar ana binsa, da ya isa ya leƙa, abin yana nan daram.

Ya tarar da Jalo a gindin tsamiya a kan buzu, Hammawa da wasu dattawa suna kewaye da shi. Sabitu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ajiye ƙunshin. Aka shiga gaisuwa. Yaya gida, yaya shanu, yaya zafi, yaya aka ji da azumi. In an gama da wannan dattijo sai a koma kan na gefensa, a sake daga farko. Sabitu yana amsawa, idonsa na kan buhun, inda ruwa ya fara ɗiga yana bin ƙasa.

Can Jalo ya dubi ƙunshin ta gefen ido ya ce, "An gode. A ajiye a inuwa, za a shiga da shi."

Abin da ya kamata Sabitu ya yi bai wuce ya ce to, ya tashi ya ba da wuri ba. A gidajen makiyayan nan suruki ba ya cin abinci a gaban mijin 'yarsa, ko ruwa ba ya kurɓa. Sabitu ya san haka sarai, ba baƙo ba ne. Amma a ransa sai ya hango kwanon a inuwa har la'asar, a buɗe a tarar da madara mai ɗumi, Jalo ya ce ashe wannan ce sana'ar. Sai hankalinsa ya gushe.

Ya ce, "Baffa, wannan ba ya jira."

Ya kwance buhun, ya buɗe murfi, ya ɗebo cokali fal, ya ja gwiwa har gaban buzun ya miƙa.

"Madarar shanunka ce, Baffa. Ni na yi da hannuna."

Hammawa ya kawar da kai yana kallon shanu. Jalo ya daɗe yana duban cokalin. In ya ƙi, ya wulaƙanta mijin 'yarsa a gaban jama'a, ranar salla. In ya karɓa, ya yi abin da ubansa bai taɓa yi ba. Sai ya zaɓi ya rufa wa yaron asiri, ya karɓa ya kai baki.

Ashe tsohon yana da wani haƙori can ciki da ya daɗe yana damunsa, ko matarsa bai gaya wa ba. Sanyin nan ya sauka a kansa. Mutumin da aka ce ya sha bulalar sharo yana murmushi, sai ga hannunsa ya kai ga muƙamuƙi, wani ɗan nishi ya kuɓuce masa, hawaye suka gangaro har gemu. Kowa ya gani, Sabitu kuwa ya fi kowa gani, don yana durƙushe dab da shi.

Jalo ya haɗiye, ya miƙa cokalin ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya tashi ya shige gida. Dattawan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Sabitu da buɗaɗɗen kwano, ƙudaje suna sauka a kai.

A hanyar komawa Habibatu ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ni ka ba, da na kai masa ɗaki."

Kunyar nan ba ta sake shi ba. In ya je Tirwun daga bayan danga yake gaisuwa, kansa a ƙasa, ya juya da sauri. Ya hana Habibatu ko ambaton askirim a gidansu. Ya tabbata tsohon ya tsani abin, ya tsani mai yinsa, kuma a ganinsa da gaskiyarsa.

Gab da samun 'yancin kai Baturen ya haɗa kayansa, ya bar wa Amos firjin, Sabitu ya samu bokiti. Su biyun suka haɗa hannu, Sabitu ya fita talla. Ranar bikin kanta, ana kiɗa ana ɗaga tutoci, kafin azahar akwatinsa ya ƙare. Sunansa ya zaga gari. Shi dai Tirwun ko cokali bai kai ba.

A kakar shekarar nan zazzaɓi ya kwantar da Jalo, abinci ya ƙi shiga. Habibatu ta dawo daga jinya ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Baffa ya ce, ko abin sanyin nan yana samuwa har yanzu."

Lokacin mangwaro ya wuce, sai Sabitu ya yi da madara da zuma. Wannan karon bai ko je gaban tsohon ba. Ya miƙa wa Habibatu kwanon a bakin danga, ya tura kekensa har gindin tsamiyar nan, ya zauna ya ba gidan baya.

Da ta fito, kwanon an suɗe shi tas.

Ya ce, "Haƙorin fa?"

"Ai tuni ya faɗi, ko wata biyu bai ƙara ba." Ta zauna nesa kaɗan. "Ya ce in gaya maka, ranar nan, da a ce ka ajiye ka tafi, da har murfin zai lashe. Duk bazara sai ya tambaye ni ko kana yi, in ce kana yi, sai ya kama wata maganar. Ni kuma ka ce kada in ambata."

Sabitu ya riƙe kwanon a cinya, ya kasa ɗaga kai. Ya ce gobe zai kawo wani, ya kuwa kawo, haka jibi. Jalo bai kai bazara ba, bai kuma ƙara ɗanɗana na mangwaron ba.