Turmi Ba Ya Zuwa Kirsimeti

Shekarun farko ne bayan soja sun koma bariki. Muna zaune a wani gidan haya a Gyadi-Gyadi, ni da maigidana direban bas, ɗakinmu na kallon na Malama. Ita 'yar Kudancin Kaduna ce, tana koyarwa a wata firamare. Ranar da na zo birni daga ƙauye ko kunna risho ban iya ba, ita ta koya mini, tana yi tana dariya. Ranar naƙudata ta fari kuma ita ta riƙe ni har asibiti.

Duk ƙarshen shekara sukan je gida Kirsimeti da jaka biyu, su dawo mana da citta da doya. Amma wannan karon, da safiyar Asabar, na fito da bokiti cikin sanyin nan mai fasa leɓe na tarar da turminta a bakin ƙofa, an ɗaure shi tare da taɓarya. Wa ya taɓa tafiya hutu da turmi?

Kowa a gidan ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Tun rikicin da aka yi a gari watannin baya, wanda ya sa suka kwana biyu a ɗakinmu ba tare da sun leƙa waje ba, mijin Malama ya daina zaman hira a ƙofar gida. 'Yan'uwansu na Unguwar Gano sun tafi. Na Hotoro ma sun tafi. Rediyo kuwa kullum cewa take mulkin farar hula ya zo, kowa ya kwantar da hankalinsa. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

Malama ta ce in raka ta kasuwar Tarauni. A hanya masu shayi sun cika da mutane, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyin gwanjo. Wani tsoho ya sa safa a hannu yana sayar da rake, ya ba ni dariya duk da halin da nake ciki. Masu kaji suna ta kiranta, don sun san lokacinta ne, ko kallonsu ba ta yi ba. Igiya ta saya da buhuna, sai daddawa da kuka masu yawan da za su kai ta damina. Na riƙe mata kayan ina jin haushi, haushinta da na garin da na kaina. Haka muka dawo gida.

Ran Lahadi ba su je coci ba. Na shiga ɗakinsu na samu an kwance gado, bangon duk ramukan ƙusa. Ta zauna a kan buhu tana naɗe labule. Na kasa haƙuri.

"Malama, yanzu har mu kike tsoro?"

"Ba ke ba, ƙanwata," ta ce. "Amma ran da abin zai sake zuwa, ke kaɗai ba za ki iya tare ƙofa ba. Kuma ba na so a ƙone ki saboda ni."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Na zauna na kama ɗaya bakin labulen muka naɗe tare.

Washegari motar kaya ta zo. Maigidana ya taya su lodi, ya hau sama yana jan igiya yana faɗa da yaron mota, wai bai iya ɗauri ba, alhali na san ba ɗaurin ne ya dame shi ba. Matan gida suka fito. Malama ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa sai Janairu, su kuma suna cewa Allah Ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida, a taho mana da tsaraba.

Da ta zo kaina ba ta ce sai Janairu ba. Ta kama hannuna biyu, nata sun yi sanyi ƙalau.

"Ki yafe ni," ta ce.

Na ce babu komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, kamar yadda ake faɗa wa wanda ba a sa ran sake gani. Motar ta tashi. Na tsaya a bakin titi ina neman laifin da ta yi mini, ko wanda na yi mata, ban samu ba.